Kafaɗar Baba da Cajar Jirgi

A gidanmu akwai maganar da aka daɗe ana yi har ta zauna daram kamar gaskiya, wai kafaɗar kakanku ta dama harsashi ne ya lalata ta, a shekarar da masu bindiga suka tashe su daga bakin tafkin Chadi. Na ji kuna faɗa wa abokanku haka, har ɗayanku ya ƙara da cewa da harsashin a ciki aka binne shi. Shi kuwa marigayin, duk sanda aka tambaye shi sai ya ce ruwa ne, ya ci gaba da jan carbinsa. Babu harsashin da ya taɓa shi. Lafiya lau ya iso Yawunde, da buhu ɗaya da tabarma. Abin da ya sami kafaɗar daga baya ya same ta, kuma da hannuna a ciki.

Ni ce 'yar farin Baba. Ina shekara biyar aka ba ƙanwarsa, Gwaggo Ladi, riƙona, ta taho da ni unguwar Briketeri a Yawunde, inda take ɗinki. A nan na girma, cikin ƙarar kekunan ɗinki da hayaƙin masu soya, na yi lise, wato sakandare, na shiga jami'a. Ku da kuke hawa wuyan babanku ba za ku gane yadda muke da Baba ba. Bai taɓa kiran sunana ba. Idan zai yi maganata sai ya ce "'yar wajen Ladi". Ba ya kallona ido da ido, ba ya yi mini magana kai tsaye, ni ma daga gaisuwa ba na ƙarawa. Ba ƙiyayya ba ce, alkunyar ɗan fari ce, haka ya tarar ubansa yana yi. Da can, da nisa tsakaninmu, abin bai dame mu ba. Da rikici ya kawo shi ɗakin da ke jikin namu, Innarmu da ƙannena kuma suka tsaya wajen danginta a Marwa, sai Gwaggo ta zama gada. Ina tsaye a gabansa zai ce, "Ladi, a ce mata a miƙo buta," Gwaggo ta juyo ta ce mini in miƙo buta.

Shekara guda ya yi a kan benci a ƙofar shagon Gwaggo. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa wuni bai taka ruwa ba, ga shi a garin tuddai, inda ruwan da yake gani shi ne jan ruwan da ke gangarowa a kwata idan an yi sama. An nema masa gadi a unguwar Tsinga, ya yi kwana uku ya dawo, ya ce shi bai iya tsaron abin da ba ya motsi ba. Yakan tsinci ragowar zare a ƙasan keken Gwaggo ya yi ta ƙulla shi ƙullin raga, ya warware, ya sake ƙullawa. A lokacin ina yawan rubuta baitoci a bayan littattafan karatuna, kuma na rubuta da yawa a kan waɗannan hannuwan. Ban taɓa tunanin in tambayi mai su abin da yake so ba. Gwaggo ce ta faɗa wata rana, tana cizon zare:

"In ba a mayar da mutumin nan ruwa ba, benci zai kashe shi."

Bayan ƙaramar salla sai ga Malam Abakar, abokin sana'ar Baba tun a tafki, ɗan gajere mai yawan dariya. Ya zo da labarin wani sabon tafki da aka tare a gabas, can bayan Bertuwa, inda masunta daga arewa suke ta komawa. Shi ya riga ya samu jirgi da inji, abokin aiki yake nema.

"Kifi kam sai ka ture shi da ƙafa," in ji shi. "Amma ruwan nan ba irin namu ba ne, Malam Isa. Daji ne aka nutsar. Itatuwa suna tsaye a ciki kamar masu jiran sallar gawa. In ka fita da asuba ba fitila mai ƙarfi, kututture zai tsaga maka jirgi kamar kabewa."

"Ai na san fitila," in ji Baba.

"Ka san aci-balbal. Wannan ta batir ce, tsoho. Da famfon kwashe ruwa, shi ma batir. Akwai wani ɗan kasuwa a bakin ruwan mai gurup, injin wuta, yana tayar da shi da rana saboda firijinsa. In kana da caja a cikin jirginka, ka dawo ka ja waya ka jona, shi ke nan. Ba ɗauka, ba saukewa."

Gwaggo ta sayar da ƙaramin kekenta aka sayi batir, babba irin na babbar mota, da fitila da famfo. Saura caja. A nan ne Baba ya ce, yana kallon bango:

"Ladi, kayan nan da rubutun Faransanci suke zuwa. 'Yar wajenki ta zaɓa."

Wannan ne karo na farko da ya ɗora mini wani abu nasa.

Mu uku, ni da Baba da Gwaggo, muka tafi shagon Alhaji Sabo, a gangaren da ke fita zuwa kasuwar Mokolo. Bakano ne, ya shekara goma a Yawunde amma Faransancinsa bai wuce na lissafi ba. Yana sayar da kayan wuta, sababbi da na gwanjo da ake kawowa daga Turai. Da ya ji abin da muke nema sai ya ɗora caja biyu a kan tebur. Ɗaya akwatin ƙarfe ce ja, mai hannu a sama, da tagogin iska a gefe, da allura a fuska mai motsawa idan wuta ta shiga. Ɗayar baƙa ce, ba ta kai faɗin littafi ba, a rufe ruf ba ko ƙofar allura, da ƙananan fitilu uku da maɓalli ɗaya. Tana cikin kwalinta, da 'yar takardar bayani.

Baba ya ɗaga jar, ya jinjina ta a hannu kamar yadda yake jinjina giwan ruwa. Ya ɗaga baƙar da yatsu uku ya ajiye.

"Alhaji, abin da shi kansa ba shi da nauyi, me zai zuba wa wani?"

"Wallahi Baba ni ma ta ƙarfen na sani. Duk makanikan unguwar Madagaskar ita suke saye. Waccan wata biyar tana nan, ko ƙuda bai taya ba. Amma ga Madmazel 'yar jami'a, ta karanta mana, kada mu mutu jahilai."

Na buɗe takardar. An rubuta cewa an yi cajar ne domin a ɗaure ta a cikin jirgi ta zauna can, ruwa ba ya shigarta, jijjiga ba ta damunta, kuma idan batir ya cika da kanta take tsayawa. Jar kuwa an rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro cewa kada ruwa ya taɓa ta. Na dubi tagogin iskar nan, na tuna jirgi, da ƙafar mutum tsamo-tsamo a ruwa, da wutar gurup. Na faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta faɗa wa Baba da yake taku biyu daga inda nake.

"Ta ce jar nan ta gareji ce. In ruwa ya shige ta, kai za ta caja, ba batir ba."

Alhaji Sabo ya yi dariya har da buga tebur. Baba bai yi ba. Ya sake kallon jar, kallon da mutum yake wa abin da ya riga ya haƙura da shi, ya ce a naɗe baƙar.

Har yau ina nan a kan cewa zaɓin daidai ne. Kuskurena a wani wuri yake. Ina tsaye a shagon idona ya faɗa kan wani ɗan sashe a shafi na uku, inda aka ce idan batir ya mutu murus, cajar ba za ta gan shi ba. Za ta yi ta ƙifta jar fitila kamar ba a jona mata komai ba, sai an danne maɓallin an riƙe har fitilun uku su kama tare. Tambaya ta zo mini har bakina: yaya Baba yake aiki da batir, yakan bar shi ya ƙare ne? Amma tambayar uba yadda yake sana'arsa, a gaban ɗan kasuwa, ba abin da na iya ba ne. Na ce a raina in mun koma gida zan bi ta wajen Gwaggo.

Da muka koma, sai na zauna da takardar ina kallon bangonta. Hoton wani farin jirgi ne a kan shuɗin ruwa, shuɗin da ban taɓa gani ba, ba tudu ba gaɓa. Ni da na bar tafki ina shekara biyar, abin da na riƙe na ruwa bai wuce haske da wari ba. Na juya bayan takardar, inda babu rubutu, na rubuta baiti huɗu. Na sa ta a cikin littafin da nake karantawa don kada shafi ya ɓace mini. Bayan kwana biyu Baba ya tafi da caja a kwalinta, babu takarda. Ban ɓoye ta ba, ban kuma manta da ita sarai ba. Na dai ce a raina, ai Baba ba ya karatun boko.

Wata bakwai muka yi muna jin alheri. Ranar Juma'a Baba yakan hau wani tudu inda waya take kamawa ya kira Gwaggo. Kifi alhamdulillahi, jiki alhamdulillahi. Gwaggo takan ce, "'Yar wajena tana tambayar cajarta," ya ce, "Tana nan inda aka ɗaure ta. A gaishe ta." Banda tana zuwa mana a kwali, har Gwaggo ta fara rabawa maƙwabta. Ni kuma na ɗauki kaina a matsayin wadda ta mayar da ubanta ruwa.

Sai Malam Abakar ya zo Yawunde sayar da banda, ya biyo da ƙullin rigunan Baba guda huɗu, wai a yi musu faci. Gwaggo ta warware ta farko ta ɗaga ta a hasken ƙofa. Kafaɗar dama ta zama kamar rariya, ƙananan huji birjik, bakinsu ya yi fari. Ta ɗaga ta biyu, haka. Ta uku da ta huɗu ma haka, duk a dama.

"Abakar, wane irin ɓera ne wannan mai zaɓen kafaɗa?"

"Ɓeran gabas ne, Hajiya, da ilminsa."

"Ka bar wasa. Shekarata talatin ina taɓa tufa. Wannan ruwan batir ne."

Malam Abakar ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce shi an rantsar da shi kada ya faɗa. Gwaggo ta ce ai ba faɗa zai yi ba, riga ta riga ta faɗa, shi ƙarashe zai yi. Sai ya ƙarashe.

A tafkin Chadi, in ji shi, garin da ake cajin batir tafiyar wuni ne a jirgi, kuma mai cajin abu ɗaya yake karɓa ko batir rabi ne ko fanko. Saboda haka duk masuncin kirki ba ya kai batir caji sai ya tatse shi tas, fitila ta yi ja, ta mutu. Kai batir da sauran wuta a ciki almubazzaranci ne, yara ma dariya za su yi maka. Haka Baba ya yi a sabon wurin. Ya yi aiki da batirin har ya mutu murus, sannan ya ja waya ya jona. Caja ta yi ta ƙifta ja. Ya jira har aka kashe gurup, ba abin da ya shiga. Washegari ya ciro batirin ya saɓa a kafaɗa, ya taka zuwa wani ƙauye a bakin titi inda wani makanike yake da irin jar cajar nan. Hanyar tudu ce, ga santsi, mai babur ba ya shiga da damina. Zuwa da dawowa rabin wuni. Ba ya ɗora shi a ka, don kada ruwan ya zubo masa a ido. Ya dawo da shi cike, ya sake tatse shi tas, ya sake jonawa, ta sake ƙifta ja. Duk bayan kwana uku ko huɗu haka, wata bakwai. Ko sau ɗaya bai jona ta da sauran wuta a batirin ba, da ya ga ta yi aiki.

"Na ce masa mu cire ta mu sayi ta ƙarfe mu ajiye a tudu. Ya ce ya riga ya faɗa wa duk bakin ruwa 'yarsa ta jami'a ce ta zaɓa. Na ce to a kira ta a tambaye ta. Ya ce yarinya ta yi iya saninta, ba zai sa ta jin kunya ba. Kullum sai ya goge ta da tsumma, Hajiya. Ita kaɗai ce mai tsabta a jirgin. In na ce in ɗaukar masa batirin, sai ya ce kayansa ne."

Na shiga ɗaki na ɗauko littafin. Takardar tana nan a shafin da na tsaya, don ban ma ƙarasa littafin ba.

Da Malam Abakar na tafi. Kwana muka yi a hanya, muka isa bakin ruwan da azahar. Ba shuɗi ba ne. Ruwan kalar shayi ne, busassun itatuwa a tsaye cikinsa har inda ido ya ƙare, rumfunan leda a gaɓa, hayaƙin banda ko'ina, gurup yana ta ƙara. Baba yana zaune a bakin jirgi yana gyaran raga. Ya rame, kuma kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu, kamar ma'aunin da aka danne gefe ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon raga, ya tambayi Malam Abakar ko Ladi lafiya.

Batirin a mace yake a ranar, washegari ne zai kai shi. Na tattare zanina na shiga jirgin. Cajar tana ɗaure a ƙarƙashin mazaunin baya, tana sheƙi. Malam Abakar ya jawo waya ya jona. Ja, ja, ja. Na sa babban yatsana na danne maɓallin na riƙe, ina ƙirgawa a raina. Kafin in kai goma fitilun uku suka kama tare, sannan ta tsakiya ta tsaya ita kaɗai, ba ƙiftawa. Abin da aka yi ke nan.

Mutane sun fara taruwa. Babu Gwaggo a wurin, babu wanda zan bi ta kansa, don Malam Abakar ya koma gefe yana share ido yana cewa hayaƙi ne. Sai na yi abin da ya kamata in yi a shagon Alhaji Sabo.

"Baba, ba ta ganin batirin da ya mutu. Kullum ka dawo ka jona, ko da saura a ciki. Ba asara ba ce, in ya cika da kanta take tsayawa. In kuma ya mutu, ka danne nan ka riƙe. Yana rubuce a takardar nan. Ni na riƙe ta a wajena."

Ya dubi fitilar. Sannan ya ce:

"Abakar, ashe tana jin magana. Mu ne ba mu san inda kunnenta yake ba."

Mutane suka yi dariya, aka watse.

Bai sake saɓa batir ba daga ranar. Amma kafaɗar ta riga ta tafi. Hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, kuma Baba gwanin birgi ne, ragar da ake jefawa ta buɗe a iska kafin ta faɗa ruwa. Bai sake jefa ta ba. Ya yi damina ɗaya yana riƙe wa Malam Abakar inji, ya ga ya zama kaya a jirgin wani, ya tattara ya dawo Briketeri. Sauran shekarunsa a kan bencin nan ya yi su, inda kuka san shi. An kai shi asibiti, an yi gashi, an yi tofi. Ban sani ba ko da takardar ta tafi tare da kwalin da ya ƙara shekara nawa a ruwa. A bakin ruwan nan akwai masu karanta Faransanci da yawa, wannan na sani.

Washegarin ranar da na danna maɓallin, da safe, ina shirin komawa, na yage shafi na uku na sa a leda na ɗaure a jikin cajar. Sauran takardar na ajiye a kan mazaunin jirgin, ba na son ganinta. Na kai bakin hanya sai na ji takunsa a bayana. Ya miƙo mini ita da hannun hagu.

"Ke," in ji shi. "Akwai rubutunki a baya, ki tafi da abinki."

Na karɓa. Bai tafi ba. Ya nuna hoton da ke bangon da haɓarsa.

"Na duba jirgin nan naki. Kyau gare shi. Amma ba kowa a ciki. Wa ke tuƙa shi?"

Bai jira amsa ba, ya juya ya gangara bakin ruwa, kafaɗa ɗaya a ƙasa. A mota na buɗe takardar na duba. Na yi wuni guda ina kallon hoton nan a Briketeri, na yi masa baiti huɗu, ban lura ba. Babu kowa a ciki.

Wannan ita kaɗai ce maganar da ya taɓa yi mini kai tsaye, daga shi sai ni, duk tsawon rayuwarsa. Takardar tana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan, duk mai so ya je ya gani. Ku daina cewa harsashi.